Har Layin Ƙasa

Litinin, da hantsi

Sun karɓe ni! Saƙon ya shigo wayata ina cikin sharar shago, na fita da tsintsiya a hannu na miƙa wa Tela, maƙwabcina, ya karanta mini. Da ya gama ya ce, "To Malam Mai Tabarau, za a je bakin teku a sha iska, a bar mu nan muna taka keke." Na ce ba shan iska za ni ba, karatu za ni. Ya ce wane karatu ya rage wa mutumin da haƙoransa ma sun yi ritaya.

Ga yadda maganar take. Ƙungiyarmu ta masu gwada ido da haɗa tabarau ta fito da sabuwar doka. Duk mai son a sabunta masa lasisi sai ya halarci bita ta mako guda, ya kuma ci jarrabawar aiki a ƙarshe. Wanda bai kawo takardar shaida ba, ya sauke allonsa. Bana kuwa a babban birnin nan na bakin teku za a yi, wanda ake buga hotonsa a kalanda. Ni da marigayiya matata mun sha cewa za mu je. Kullum akwai dalili, har dalilin ƙarshe ya zo.

In na dawo da takardar, shagona yana nan. In ban dawo da ita ba, akwai ɗakin baya a gidan 'yata. An yi masa fenti tun bara, har da labule. Ɗaki ne mai kyau. Ba na son sa.

Talata, bayan la'asar

Na fito da kwat ɗina, na shanya shi ya sha iska. Tela ya rage mini ƙugun wandon, yana ta mita wai kowace shekara sai ya rage, wata rana wando kaɗai zai zo awo ba ni a ciki. Ya kuma karanta mini jadawalin bitar, domin rubutun ƙanana ne ƙwarai. Rubutun zamani duk haka yake.

Akwai na'urar da ke ɗaukar hoton can cikin ido, bayan ƙwaya. Za a koya mana ita. Ni da na fara aiki da tocila da ɗan madubi!

Na sayi alƙalami mai kaurin baki don wannan littafin. Ya fi daɗin riƙewa, shi ke nan.

Ido lafiya.

Alhamis, da rana

Uwata ta zo. Haka nake kiran 'yar tawa, domin sunan mahaifiyata gare ta, kuma ta gaji har faɗan. Ta kawo mini safa da maganin ƙafa, ta zauna a kujerar gwaji tana kallona ina ɗaura wa wani tabarau ƙafa.

Ta ce, "Baba, tafiyar nan dole ce?"

Na ce, "Dole ce, Uwata."

"Kai kaɗai, a garin da ba ka sani ba, ga matakala, ga motoci."

"Can ma mutane ne, ba aljanu ba."

Can ta tashi ta ɗauki sandar nuni, ta je jikin allon gwaji, ta ce in zauna in karanta mata, tunda jarrabawa zan je. Da wasa ta faɗa, amma muryar ba ta wasa ba ce.

Allon nan ya girme ta. Fuska biyu gare shi. Gaba haruffa ne, babban E a sama, suna ta ƙanƙancewa har ƙasa. Baya kuwa na waɗanda ba su iya karatu ba ne: can ma E ne a sama, amma duk sauran ma E ne, wani ƙafafunsa uku sun kalli sama, wani ƙasa, wani gefe, mutum ya nuna da yatsunsa. Bayan ba kasafai nake juyo shi ba. Gaban kuwa, tun ina da baƙin gashi nake tsaye kusa da shi ina jin mutane suna karanta mini shi.

Na zauna na karanta mata tun daga sama har layin ƙasa, wanda matasa ma ke tuntuɓe a kansa. Ko numfashi ban ja ba. Ta ajiye sandar ta ce, "To."

Cewa ta yi in karanta, na kuwa karanta. Ba wanda ya tambaye ni wani abu bayan wannan.

Juma'a, da safe

Na kasa cin abinci don ɗoki. Mutum da girmansa.

Lahadi, gab da magariba

Na iso! Na iso, kuma na ji teku kafin in gan shi. Tun a tasha iskar ta canza, ta yi laushi, tana da gishiri-gishiri a leɓe. Direban tasi ya yi ta nuna mini abubuwa, ga tsohuwar ganuwa, ga hasumiyar da ake hawa, ina ta cewa ma sha Allah. Masu yawon buɗe ido ko'ina, da gajerun wanduna da manyan huluna, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Otal ɗin fa! Ƙasa santsi kamar an zuba mai. Ba mabuɗi, kati ne ake kangawa a ƙofa ta yi ƙara ta buɗe. Na buɗe na rufe, na sake buɗewa, don kawai in ji. Ɗakina yana can sama, lif ke kai mutum. Maɓallan lif ɗin na ƙirga su da yatsa daga ƙasa, ba wuya.

Taga tana kallon ruwa. In na ɗan karkatar da kai na dube shi ta gefe, shuɗi ne har iyakar duniya. Na tsaya na daɗe. Na ce wa marigayiya, kin gani ko? Ban san na faɗa a fili ba sai da na ji muryata.

Gadon ya yi wa mutum ɗaya yawa.

Na kira Uwata na ce na sauka lafiya, kowa na ta girmama ni. Ta ce in riƙe ƙarfen matakala. Ido lafiya.

Litinin, lokacin hutun azahar

Zauren taron ya fi makarantarmu ta dā girma. An rataya wa kowa kati a wuya, an ba mu jaka da biro. Sanyin na'ura har cikin ƙashi, Allah ya sa na zo da kwat.

Na yi ta zagayawa wajen shan shayi ina kasa kunne ko zan ji muryar wani ɗan ajinmu. Na tambayi na bakin teburin rajista sunaye uku. Biyu bai taɓa jin su ba. Na ukun ya ce, "Allah ya ji ƙansa, ai ɗansa ne ya zo." Na koma na zauna.

Amma na yi abokiya. Wata mata ce ta zauna kusa da ni, za ta yi sa'ar Uwata ko ta ɗan girme ta, da wani jan tabarau mai faɗi wanda ko daga ƙarshen zaure ba ya ɓuya. Shi ya sa nake gane ta, fuskokin sauran duk sun zama ɗaya. Tabarau ɗin zamewa yake a hancinta, tana ta tura shi sama da yatsa. Na daure, na daure, na kasa. Na ce, "'Yata, wa ya haɗa miki wannan?" Ta ce, "Ni da kaina, Baba." Na ce to Allah ya kyauta wa masu zuwa shagonki. Ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta.

An ce kowa ya zaɓi abokin aiki na mako. Mai Jan Tabarau ta ce, "Ni na kama Baba, kada wanda ya taɓa mini shi."

Litinin, bayan la'asar

Na ga abin al'ajabi. Farfesan da ke koyar da mu, wani mai magana a hankali kamar yana lallashin jariri, ya zaunar da wani, ya ɗora haɓarsa a na'urar, ƙyal, sai ga cikin idon mutumin a allon majigi, girmansa ya kai ƙofar gareji. Ja-ja kamar rana za ta faɗi, jijiyoyi sun bazu kamar rassan kogi. Na yi shekaru ina leƙen wannan wurin ta 'yar kafa, kamar mai leƙen ɗaki ta ramin mabuɗi. Yau an buɗe mini ƙofar. Na yi tafi ni kaɗai, mutane suka juyo.

Daga nan Farfesa ya ce, kamar yadda aka saba a sana'armu, ba a kawo marasa lafiya ba. A kan junanmu za mu koya. Kowa ya ɗauki hoton idon abokinsa, a haska a allo, a tattauna.

Na manta da wannan al'adar. Wallahi na manta. A makaranta ma haka muka yi, har muka san idon juna fiye da sunayen iyayen juna.

Gobe ne.

Talata, da yamma

Na ɗauki hoton idon Mai Jan Tabarau! Na'urar ita ke yin rabin aikin, tana ƙara in ta daidaita. Sauran rabin kuma bakinta ya yi: "Hagu kaɗan, Baba. Sama. Baba, girata kake ɗauka." Hoton ya fito tas, Farfesa ya ce madalla.

Da aka zo kaina sai na nemi banɗaki. Kafin in dawo an tashi. Ta ce ba komai, ma yi gobe.

An kwashe mu a wata doguwar bas marar rufi aka zaga da mu gari. Iska ta nemi ɗauke mini hula, na zauna a kanta. Mai yi mana bayani yana ta cewa ku dubi dama, ku dubi hagu. Mai Jan Tabarau tana ta surutu, ga jirgin ruwa mai hawa kamar bene, ga wani ya tsaya cak ya shafe jikinsa da fentin azurfa ana jefa masa kuɗi, Baba ka gan shi? Na ce na gan shi. Na sha kankara mai zaƙi a bakin ruwa, ta bi mini hannun riga. Rabona da dariya irin ta yau tun marigayiya na da rai.

Da za mu sauka ta riƙe mini gwiwar hannu. Ƙila don tsufa ne.

Laraba, da safe

Na ce wa Mai Jan Tabarau na ɗiga magani a ido, hasken na'ura zai dame ni.

Laraba, bayan la'asar

Albishir, littafina!

An yi mana bayanin jarrabawar gobe. Kowa zai gwada idon abokinsa a gaban Farfesa, sannan su yi musanya. Sabuwar dokar kuma ta ce a rubuta ƙarfin ganin shi mai gwajin, domin da idonsa yake aiki. Da na ji haka abinci ya fita raina. A zauren duk allunan na lantarki ne, haruffan canzawa suke duk sanda aka danna.

Amma da aka tashi na bi ta ƙaramin ɗakin da za a yi jarrabawar, na leƙa. Ba na lantarki ba ne. Farin allo ne na kwali a rataye a bango, da babban E a samansa, baƙi ƙirin. Na gan shi da idona, ta gefe, sarai. Tsohon abokina ne ya biyo ni har bakin teku. Saura kaɗan in shiga in rungume shi.

Na dawo ɗaki na yi wanka, na ci abinci har da ƙari. Na kira Tela na ce ya gaya wa masu jirana Litinin ina shago. Ya ce mutum ɗaya ne ya zo, shi ma hanya yake tambaya. Ɗan banza.

Na maimaita sau ɗaya a gaban taga, don kawai in ji daɗin bakina. Har layin ƙasa.

Alhamis, da azahar

Ba zan rubuta komai ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ban sauka cin abinci ba. An ƙwanƙwasa ƙofa, ban buɗe ba.

Alhamis, gab da magariba

Gara in rubuta, ko ya bar yi mini yawo a kai.

Ni na fara gwada ta, kuma na yi kyau. Wannan a rubuta shi. Ban yi kuskure ba wajen canza gilasan, tambayoyina a jere, Farfesa yana ta cewa mhm. Sai muka yi musanya. Na zauna, ta rufe mini idon hagu, ta je jikin allo ta ce, "Bismillah, Baba."

Na ce E.

Ta ce, "Na ƙasa."

Sai na saki baki. Na bi su layi-layi kamar mai karatun da ya haddace tun yarinta, murya a sake, har ina ɗan jinkirtawa a layi na shida don kada abin ya yi yawa. Na ji ɗakin ya yi tsit, na ɗauka mamaki ne. Tsoho kamar wannan! Na ƙara ƙarfin murya. Na kai layin ƙasa na tsaya, ina jiran madalla.

Ina jin ƙarar na'urar sanyi.

Sai Farfesa ya matso, ya durƙusa kusa da kujerata, da muryar nan tasa ya ce, "Baba, na layi na biyu, ina ƙafafunsa suka kalla?"

Allon marasa karatu ne. Babu harafi ko ɗaya a jikinsa sai E. Irin wanda ke bayan nawa allon, yana kallon bango shekara da shekaru.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Na tuna Mai Jan Tabarau ta ce wa na bakin ƙofa masu jiran layi, "Me kuke kallo? Ku ja mana ƙofar." Na tuna na ce a gafarce ni, na tashi, na yi karo da teburin gilasai. Ba abin da ya fashe.

Labulen ɗakin bayan ruwan ƙasa ne. Uwata ta ce in ban so shi ba a canza.

Juma'a, da hantsi

Da sassafe Mai Jan Tabarau ta dawo ta yi ta bugun ƙofa. "Baba, na san kana ciki, ina jin tarinka. Ko ka buɗe ko in ce musu ka suma su zo da katinsu." Na buɗe. Ta shigo da shayi da burodi, ta tsaya a kaina sai da na cinye.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce na hagu ya daɗe. Na dama kuwa tun watannin baya layin ƙofa ya fara lanƙwashewa, sai tsakiyar fuskar mutane ta fara gogewa.

"Wa ya duba ka?"

Na ce ba kowa.

"Kai da ka aika rabin garinku asibitin ido! Baba, kai fa ka san abin da ake ce wa mai irin wannan."

Na ce na sani, ni ma na sha faɗa wa mutane. Daɗin faɗa gare shi.

Ta ce Farfesa yana jiranmu kafin a buɗe zaure, kuma har yanzu ina riƙe mata da aikinta na ranar Talata, ba za a hana ta maki saboda ni ba. Da wannan ta ci ni.

Zauren ba kowa sai mu uku. Na ɗora haɓa. Ƙyal. Ƙyal. Farfesa ya ce ko a bar shi a ƙaramin allo? Na ce a'a, a sa a babban, na kowa ma a can aka sa.

Littafina, na ga cikin idona! Na karkata kai na bi shi gefe-gefe, ga jijiyoyina, nawa na kaina, sun yi shekara saba'in da wani abu suna aiki ban taɓa gaishe su ba. Ga kuma abin, a tsakiya, inda na san zan same shi. Na nuna da sanda na faɗi sunansa kafin Farfesa ya faɗa. Ya ce haka ne. Na hagu tabo ne, ya riga ya zauna. Na dama kuwa ruwa ne ke tsattsafowa, sabo ne, akwai allurar da ake yi a ido wadda kan tsayar da shi in an yi sauri. Bai yi mini alkawari ba. Ya ce da na ƙara wata biyu a ɓoye, da ba mu yi wannan maganar ba.

Na tambaye shi takardar. Ya ce, "Ta gwajin ido ba zan iya sa hannu ba, Baba, kai ma ba za ka so in sa ba." Na ce haka ne. Ya ce amma haɗa tabarau da gyaransa lasisinsa dabam, wannan ba ruwansa da allo. Mutum ya kawo takardar likita, kai ka haɗa masa.

Rabin shago ke nan. Ban san ko rabin shago shago ba ne.

Juma'a, da yamma

An rufe taro, an raba takardu, an yi ta tafi. Na yi wa Mai Jan Tabarau tafi har tafina ya yi zafi. Daga nan aka kai mu yawo a jirgin ruwa.

Na shiga teku! Ƙasa tana motsi a ƙarƙashin mutum, ruwa na fantsamo masa a fuska, tsuntsaye na bin mu suna ihu kamar 'yan kasuwa. Na riƙe ƙarfe da hannu biyu ina dariya kamar wawa. Yau da ta ce Baba ka ga wancan, na ce ban gani ba, faɗa mini. Ta kuwa iya faɗa. Har launin rigar matuƙin sai da na ji.

Ana cikin haka ta sake tura jan tabarau ɗin nan sama. Na ce miƙo shi nan, na gaji. Na roƙi mai sayar da shayi kofin ruwan zafi, na tsoma ƙarshen ƙafafun har suka yi laushi, na shafa bayan kunnenta na ji inda ƙashin yake, na lanƙwasa kowace ƙafa daidai wurin. Kunnenta na dama ya ɗan fi na hagu tudu, shi ya sa. Ta sa, ta girgiza kai, ta sunkuya ta kalli ruwa. Bai motsa ba.

Ta ce, "Shekara biyu ina fama da abin nan."

Na ce ai mutum ba ya ganin bayan kunnensa.

Ta ce, "To Baba, saura waya. Ko ka kira 'yarka ko in karɓi lambar." Wannan mata da Uwata, Allah kada ya haɗa su a ɗaki ɗaya.

Asabar, da safe, a tasha

Na kira. Na yi ta kewaye-kewaye, teku kaza, jirgi kaza. Sannan na faɗa mata, duka, har da allon.

Na ɗauka layin ya yanke. Sai ta ce, "Baba, ranar nan da na riƙe sanda, layi na huɗu na nuna maka sau biyu. Kai kuwa ka wuce abinka."

Na ce to me ya hana ki magana?

Ta ce, "In ce me? Ni ma a jikin allon nan na koyi haruffa. Na san yadda ake yi." Sai muryarta ta karye, tawa ma ba ta tsaya ba, ga mutane na wucewa da akwatuna.

Ta ce za ta tarye ni, kuma Litinin asibiti, ba shago ba.

Talata, da rana

An yi allurar. Faɗarta ta fi ta zafi. Ido yana ruwa, rubutu sai gobe.

Alhamis, da hantsi

A ɗakin bayan nake kwana tun dawowata. Katifar ba laifi. Jikokina suna shigowa ba sallama, ƙaramar ta zauna mini a kan tabarau, na gyara. Labulen dai a canza shi.

Mun yi ciniki da Uwata kamar masu sayen saniya. Ita ta ce a rufe shago. Ni na ce in koma gidana. Inda muka tsaya: kwana a nan, wuni a shago, ta ajiye ni da safe in za ta aiki, ta ɗauke ni da yamma. Kujerar gwaji da akwatin gilasai za a aika wa Mai Jan Tabarau, ta ce tana so. Teburin gyara yana nan.

Asabar, bayan la'asar

Mai fenti ya zo ya shafe "Gwajin Ido" daga allon ƙofa, ya bar "Haɗa Tabarau da Gyara". Tela ya tsaya yana ba da umarni kamar shagonsa ne. Ya ce yanzu da na daina gwada mutane sai ya kawo nasa idon, dā tsoro yake ji. Na ce ya kawo wandon da ya ɓata mini tukuna. Mutum biyu sun zo, ɗaya ƙusar tabarau ta faɗi, ɗaya hancin tabarau ya karye. Duk na yi su da yatsa, ban ko kunna fitila ba.

Da Uwata ta zo ɗaukata na ce ta sauke mini allon gwajin, hannuna ba ya kaiwa. Ta hau kujera ta ciro shi daga ƙusa. Maimakon ta sauko da shi, sai na ji ta juya shi ta sake ratayawa.

Ta ce, "Likita ya ce a riƙa dubawa ko allurar na aiki. Zauna. Rufe na hagu."

Na zauna. Ta ɗauki sandar.

Na sama, na ɗaga yatsu uku na nuna dama. Ta ce daidai. Layi na biyu, na karkata kai na daɗe, na nuna sama, na nuna hagu. Ta ce ɗaya daidai. Ta sauke sandar zuwa na uku.

Na duba, na sake dubawa. Na ce, "Ban gani ba, Uwata."

Ta ce, "To. Nan muka tsaya yau." Ta ciro fensir ta yi ɗan zane a bango, daidai gefen layi na biyu, kamar yadda nake yi mata a jikin ƙofa tana yarinya in na auna tsawonta.

Na ce ta ƙara kaurinsa yadda zan gan shi. Ta ƙara.